Yadda Masana Ke Gyara Gadon Alkama Da Sha'ir A Ƙasashen Sanyi

Da wuya a sami gari a ƙasar nan inda za a wayi gari mai shayi bai kafa teburinsa ya jera burodi ba. Taliya kuwa da alkaki da finkaso tun kaka da kakanni aka san su. Duk waɗannan alkama ce uwarsu. Amma alkamar da manomanmu ke nomawa da ban ruwa cikin hunturu, a wurare irin su Kadawa da kwarin Haɗeja da bakin Tafkin Chadi, ba ta kai ko kusa da abin da muke bukata ba. Mafi yawan wadda muke ci cikin jiragen ruwa ake kawo ta daga ƙasashen sanyi. Saboda haka duk abin da ya sami gonakin waɗannan ƙasashe sai mun ji shi a aljihunmu, kamar yadda aka gani cikin 2022, sa'ad da yaƙin Rasha da Yukren ya sa kuɗin fulawa ya hau ko'ina a duniya.

To, a waɗannan ƙasashe masana sun sami dabarun shiga cikin halittar alkama da sha'ir su sāke abin da iri ke gadar wa 'ya'yansa. Ana ta surutu a kan wannan al'amari, wasu na yabo, wasu na tsoro, galibi kuwa ba tare da an san yadda aikin yake ba. Malaman makaranta da akawuna su ne waɗanda jama'a kan zo wurinsu da tambaya, don haka ya kamata su san zancen tun daga tushe.

Hatsin Sanyi

Alkama da sha'ir suna cikin tsofaffin abubuwan da ɗan Adam ya fara nomawa, kusan shekara 10,000 da suka wuce, a yankin da ya haɗa Iraƙi da Siriya da kudancin Turkiyya. Daga nan suka bazu zuwa Turai da Rasha da arewacin Sin, daga baya Turawa suka kai su Amurka da Kanada da Ajantina da Ostireliya. Yau duniya tana noma alkama kusan ton miliyan 800 a shekara, kuma wajen kashi ɗaya cikin biyar na abincin da ke riƙe da mutanen duniya daga gare ta yake.

A ƙasashen nan noman alkama iri biyu ne. Akwai wadda akan shuka kafin sanyi ya kama, ta tsiro, ta kwanta ƙarƙashin dusar ƙanƙara, ba ta kuwa fid da kai sai ta sha sanyi na makonni da yawa. Akwai kuma wadda akan shuka bayan ƙanƙara ta narke, kamar yadda aka fi yi a Kanada. Tamu ta noman rani dangin wannan ta biyu ce. Manyan abokan gāban alkama su ne tsatsa, wadda ke cin kara da ganye, da wata farar fumfuna mai kama da gari wadda ke son laima, da ƙwari, da fari.

Littafin Gado

Hausawa sun ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Wanda ya fara gano ƙa'idar wannan gado shi ne wani fada mai suna Gregor Mendel, wanda ya yi shekaru yana barbarar wani irin wake a lambun gidan ibadarsu a garin Brno, ya buga abin da ya gano cikin 1866. Cikin 1953 kuma James Watson da Francis Crick a Kembirij ta Ingila, da taimakon hotunan da aka ɗauka a ɗakin binciken Rosalind Franklin, suka bayyana siffar abin da ke ɗauke da gadon.

Ga yadda abin yake. Jikin kowane tsiro an gina shi da ƙananan ɗakuna kamar na saƙar zuma, waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. Cikin kowane ɗaki akwai wani dogon zare a nannaɗe, wanda masana ke kira DNA, mu kuwa za mu kira shi zaren gado. A jikin zaren nan akwai rubutu da haruffa huɗu tak, ana ta jujjuya su. Kowane yanki na rubutun da ke ba da umarni guda, kamar a ce tsawon kara ko launin ƙwaya, shi ake kira ƙwayar gado.

Littafin gadon alkamar burodi babba ne ƙwarai. Haruffansa sun kai miliyan dubu 16, watau ninki biyar na ɗan Adam. Dalili kuwa, alkamar nan ta samu ne daga auratayyar ciyayi uku na daji, kowace ta kawo nata littafi, aka haɗa su wuri ɗaya. Duk akawun da ya taɓa rubuta takarda kwafi uku zai gane matsalar nan da nan: in ka gyara kuskure a kwafi ɗaya ka bar biyu, ba ka yi kome ba. Sai cikin 2018 taron masana na ƙasashe da yawa suka gama karanta littafin alkama yadda ya kamata, suka lissafta ƙwayoyin gado fiye da 100,000. Na sha'ir, da yake kwafi ɗaya ne, an gama shi cikin 2017.

Tsohuwar Hanya

Kafin a iya taɓa zaren gado da hannu, hanyar kyautata iri ita ce barbara da zaɓe. A ɗauki garin furen wannan a sa wa wancan, a shuka 'ya'yan, a zaɓi na ƙwarai, a sāke shukawa, har shekara goma ko fiye. Da wannan hanya ce Norman Borlaug, yana aiki a Meziko, ya haɗa wata gajerar alkama ta Japan mai suna Norin 10 da irin wurin, ya sami alkama mai gajeren kara wadda ba ta kwanciya in ta sha taki. Ita ce ta cika rumbunan Indiya da Pakistan, har aka ba shi Lambar Nobel ta zaman lafiya cikin 1970.

Akwai kuma wata hanya mai kama da harbin makaho. Akan haska wa iri wani haske mai ƙarfi wanda ke ɓata haruffan gado barkatai, sa'an nan a shuka dubbai a duba ko za a dace. Da haka aka sami wani sha'ir mai suna Golden Promise a Birtaniya cikin 1956, wanda daga baya ya mamaye gonakin Sikotilan. A riƙe sunan nan, gama za mu sāke gamuwa da shi.

Aibin waɗannan hanyoyi shi ne jinkiri, kuma sau da yawa halin da ake so yakan zo da waɗanda ba a so manne da shi.

Ɗan Aike Da Bindiga

A cikin ƙasa akwai wata ƙwayar cuta mai suna Agrobacterium wadda ke sa wa itatuwa ƙari a gindi. Masana suka gano makircinta: takan yanki wani ɗan guntun zarenta ta cusa cikin zaren gadon itacen, sai itacen ya koma yi mata abinci. Suka ce, ashe ga ɗan aike a shirye. Suka zare saƙon cutar daga jakarta, suka sa nasu. Cikin 1983 ƙungiyoyin masana a Beljiyam da Amurka, cikinsu har da Marc Van Montagu da Jeff Schell da Mary-Dell Chilton, suka nuna an iya sa wa tsiro baƙuwar ƙwayar gado ta wannan hanya. Amma ɗan aiken nan ba ya shiga hatsi bisa ɗabi'arsa, don haka alkama da sha'ir suka ƙi.

Sai wani masani a Jami'ar Cornell ta Amurka, John Sanford, da abokan aikinsa suka zo da dabarar da ba wanda ya zata. Suka shafa ƙwayoyin gado a jikin garin ƙarfe mai laushi kamar kwalli, suka harba shi da bindiga cikin ɓawon albasa. Wasu ɗakunan suka mutu, wasu kuwa suka karɓi saƙon suka yi aiki da shi. An buga wannan cikin 1987. Daga baya aka koma amfani da garin zinariya da ƙarfin iska maimakon albarushi.

Shigar da saƙo rabin aiki ne. Sauran rabin shi ne a mai da ɗaki guda da ya karɓi saƙon ya zama cikakken tsiro mai saiwa da ganye. Akan ciro ɗan idon ƙwaya tun tana ɗanya, kamar mako biyu bayan fure, a aza shi kan wani abinci mai kama da kamu cikin faranti, a yi ta renonsa wata da watanni. Cikin 1992 Indra Vasil da Vimla Vasil da abokan aikinsu a Jami'ar Fulorida suka fid da alkama ta farko da aka sa wa baƙuwar ƙwayar gado da bindiga. Sha'ir ya biyo baya cikin 1994, kuma Golden Promise ɗin nan ne ya yarda, gama ya fi sauran iri jure renon faranti. Cikin 1997 aka shawo kan ɗan aiken ƙasa ya shiga alkama da sha'ir duka. Shi aka fi so yanzu, domin yakan ajiye saƙo a tsanake, bindiga kuwa takan watsa shi ba tsari.

Ga misalin amfanin wannan hanya. Cikin 1998 wata muguwar tsatsa ta ɓulla a Yuganda, aka sa mata suna Ug99, ta karya garkuwar da yawancin alkamar duniya ta dogara da ita. Al'adar tsatsa ke nan: in aka kare alkama da ƙwayar gado ɗaya, bayan 'yan shekaru sai ta sāke kama ta wuce. Cikin 2021 masana a Ostireliya da abokansu suka ba da labarin sun ɗaura ƙwayoyin gado biyar masu tsare tsatsa, daga alkama da danginta na daji, suka sa su tare a damƙe ɗaya, suka gwada a gona a Amurka, alkamar ta tsaya lafiya. Ɓarawon da ya iya karya kwaɗo ɗaya da wuya ya karya biyar a dare guda.

Abin Da Ya Tsai Da Alkama

Tun 1996 manoman Amurka suka shiga shuka masara da waken suya da auduga waɗanda aka sa wa baƙin ƙwayoyin gado. Alkama kuwa ta yi fiye da shekara ashirin bayan haka ba ta fita kasuwa ba. Ba gwaninta kaɗai ta rasa ba. Masara da waken suya galibi dabbobi ke ci ko a tatsi mai, alkama kuwa kai tsaye take shiga bakin mutum, kuma masu saye a Turai da Japan suka ce ba sa so. Kamfanin Monsanto ya yi alkama mai jure maganin ciyawa, amma cikin 2004 ya janye ta, domin manoman Amurka da Kanada sun ji tsoron rasa masu saye. Cikin 2013 aka tsinci irin wannan alkama ta tsiro a wata gona a jihar Oregon ba da izini ba, nan da nan Japan ta dakatar da sayen wani nau'in alkamar Amurka na ɗan lokaci.

Wani darasin kuma daga Rothamsted ya fito, wata tsohuwar gonar gwaji a Ingila da aka kafa cikin 1843. Masananta suka sa wa alkama ƙwayar gado mai sa ta fid da wani ƙamshi, irin wanda ƙwarin darɓa ke fitarwa in suna gargaɗin 'yan'uwansu su gudu. A ɗakin bincike ƙwarin suka guje ta. Aka shuka ta a gona cikin 2012 da 2013, ana gadinta saboda masu zanga-zanga, sai ga ƙwarin sun zauna a kanta kamar kowace alkama. Masanan suka buga sakamakon cikin 2015 ba su ɓoye kome ba. Sai an gwada akan san na ƙwarai, kuma gwajin da ke da hukunci shi ne na gona.

Almakashi

Cikin 2012 Jennifer Doudna da Emmanuelle Charpentier suka bayyana wata dabara mai suna CRISPR, wadda ta jawo musu Lambar Nobel cikin 2020. Ita ma daga ƙwayoyin cuta aka aro ta, gama da ita suke yayyanka zaren maƙiyansu. Kamar almakashi ne mai ja-gora. Akan ba ja-goran 'yan haruffa kamar ashirin, ya bi zaren gado yana dubawa har ya sami inda suka dace, sa'an nan almakashin ya yanke. Tsiron yakan ɗinke wurin da kansa, amma sau da yawa da kuskuren harafi ɗaya ko biyu, sai wannan umarni ya daina aiki. Bayan haka ana iya tace almakashin ya fita ta hanyar zaɓen 'ya'ya, a bar tsiro ba wani baƙon abu a jikinsa.

A nan ne bambancin yake, kuma shi ne zuciyar maganar. Hanyar ɗan aike da bindiga ƙari ce: a ɗauko shafi daga wani littafi a liƙa. Hanyar almakashi gyara ce: a soke kalma cikin littafin tsiron kansa.

Labarin farar fumfuna ya nuna amfanin gyaran. A jikin sha'ir akwai wata ƙwayar gado mai suna MLO, wadda fumfunar ke bukata kafin ta sami shiga ganye, kamar mai gadi da ke buɗe wa ɓarawo ƙofa. Cikin shekarun 1930 Jamusawa suka tattaro irin sha'ir daga manoman Habasha, daga baya aka tarar a cikinsu akwai wanda wannan mai gadi nasa ba ya aiki, fumfuna kuwa ba ta kama shi. Aka barbara shi da irin Turai, kuma fiye da shekaru arba'in ke nan garkuwar ba ta karye ba. Kyautar manoman Afirka ce ga gonakin Turai.

Amma a alkama ba a taɓa samun haka ba, gama masu gadin uku ne, sai an sallame su gaba ɗaya. Cikin 2014 Gao Caixia da Qiu Jinlong da abokan aikinsu a Beijin ta ƙasar Sin suka yanke kwafi ukun a tsiro ɗaya, da wani almakashi mai suna TALEN wanda ya riga CRISPR fitowa. Alkamar ta ƙi fumfuna, amma ganyenta na saurin tsufa, amfani ya ragu. Sai cikin 2022 suka ba da labarin sun sami wadda ta tsira daga wannan aibi. Cikin Mayu 2024 Gwamnatin Sin ta ba da takardar amincewa ga alkamar da aka gyara don tsare cuta. A lura, shekara goma tsakanin nasarar farko da takardar izini.

A Rothamsted kuma an yi amfani da CRISPR don rage wani sinadari a ƙwayar alkama wanda kan rikiɗe ya zama abin da ake zargi da jawo ciwon daji in an gasa burodi ya ƙone. An shuka ta a gona cikin 2021, aka tarar sinadarin ya ragu da kusan rabi.

Daga Ajantina Zuwa Tashar Jiragenmu

Alkama ta farko mai baƙuwar ƙwayar gado da aka yarda a noma don kasuwa daga Ajantina ta fito, ƙasar da ke noman alkama a filayenta cikin damunar sanyinsu. Wata masaniya, Raquel Chan, ta jami'ar da ke Santa Fe, ta gano wata ƙwayar gado a jikin tsiron nan mai babban fure rawaya da ake tatsar mai daga 'ya'yansa, wadda ke taimakonsa jure ƙishi. Tare da kamfanin Bioceres aka sa ta cikin alkama, aka kira ta HB4. Ajantina ta amince cikin 2020, Birazil ta yarda a noma ta cikin 2023, hukumar gona ta Amurka ta ba da nata izini cikin 2024.

Ba a rasa masu ƙi ba. 'Yan kasuwar hatsi na Ajantina sun ji tsoron ta gauraya da sauran alkama masu saye su gudu. Wasu kuma suka nuna cewa an haɗa mata jure wani maganin ciyawa, suna tsoron a yawaita fesa shi.

Wannan ya shafe mu kai tsaye. Cikin 2022 hukumar Nijeriya mai kula da irin waɗannan halittu, wadda aka kafa cikin 2015, ta yarda a shigo da HB4 don abinci da sarrafawa. Dabarar kanta ma ba baƙuwa ba ce a nan, gama cikin 2019 Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya ta fid da wake mai suna SAMPEA 20-T, wanda aka sa wa ƙwayar gado mai tsare shi daga tsutsar da ke huda kwanso.

Dokokin ƙasashe sun sha bamban. Cikin 2018 babbar kotun Tarayyar Turai ta yanke cewa gyaran almakashi da ƙarin baƙuwar ƙwaya doka ɗaya ce ke kansu, cikin 2023 kuma hukumar tarayyar ta kawo shawarar a sassauta wa gyara. A wannan shekara ta 2023 Ingila ta yi dokar da ta raba su, ta sauƙaƙa wa gyaran da zai iya aukuwa ta barbara ko bisa ɗabi'a.

Tambayoyin Da Suka Kamata

Wanda aka tambaye shi game da sabon iri, kada ya yi saurin yabo ko kushe kafin ya san amsar waɗannan. Me aka yi wa irin, ƙari ko gyara, kuma wane hali aka nufa? An gwada shi a gona shekaru da yawa, a ƙasa mai irin zafinmu da ruwanmu? Alkamar da ta yi kyau a sanyin Ingila ba lalle ta jure zafin Maris a Kano ba, lokacin da ƙwaya ke cika. Wace hukuma ta duba lafiyarsa ga mai ci, kuma an buga abin da ta gano? Sa'an nan, irin na wane ne? Alkama da sha'ir kan barbari kansu, 'ya'yansu kan fito kamar iyayensu, shi ya sa manomi ke iya ajiye iri daga girbinsa. In sabon iri ya zo da sharaɗin sai an saya kowace shekara, to, ya kamata manomi ya sani tun kafin ya zuba shi a ƙasa.

Malamin da ke koyar da ilmin halitta ko aikin gona yana iya fara wannan darasi da abin da ke gaban yara: zangarniyar alkama ɗaya, da dawa fara da ja, da tambayar me ya sa kowace ke haifar irinta. Yaran da suka gane wannan tun suna aji su ne za su zauna a Samaru da sauran gidajen bincike, su duba irin da aka kawo mana daga waje, su kuma gyara namu bisa bukatar ƙasarmu. Allah ya ba mu damina mai albarka da rani mai amfani, amin.